Waiwaye: Zakuna Biyar a Falon Baba Alhaji

Hutun makaranta ne ya jawo maganar. Zafin bazara ya hana yarana fita, kowa ya samu lungu ya lafe da waya a hannu. Sau uku uwarsu tana kiran babban, mai shekara goma, bai amsa ba. Na leƙa ta saman kafaɗarsa in ga abin da ya toshe masa kunne haka, sai na tarar da wasu halittu masu launin alawa suna tsalle suna ihu, labari ba kai ba gindi. Na ce, "Kai, wannan ne katun? Bari in nuna maka na gaske, irin wanda muka kalla." Ya ɗago ido da mamaki ya ce, "Abba, da ma akwai katun a zamaninku?"

Akwai mana. A lokacin ma da za a ba ni rantsuwa, zan rantse ba a taɓa yin kamarsa ba. Fiye da shekara talatin ina ɗauke da wannan yaƙini a raina, ban taɓa gwada shi ba sai a yammacin nan.

A ƙarshen shekarun 1980, gida ɗaya ne ke da talabijin a layinmu da ke cikin birnin Kano, gidan wani dattijo mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, wanda duk yaran layin ke kira Baba Alhaji. Akwati ne na katako mai ƙafa huɗu, baƙi da fari, da 'yar ƙofa da ake ja a rufe masa fuska idan an gama kallo, a kuma lulluɓe shi da farin ƙyalle mai saƙa kamar amarya. A wancan zamani ba a wuni ana shiri. Sai wajen ƙarfe huɗu na yamma NTA ke buɗe tasha, a fara da wasu ratsi-ratsi a allo da wata doguwar ƙara, a yi taken ƙasa, sannan a ba yara rabonsu. Ranakun makarantar allo wutsiyar shirin kawai muke riska, mu shigo a guje da tawada a yatsu. Alhamis da Juma'a ne namu. Tun kafin a buɗe tasha takalman robarmu sun yi tsibi a ƙofar falo.

Hajiya, uwargidan Baba Alhaji, ita ke tsaron ƙofa. Sharaɗinta biyu ne: ka yi sallar La'asar, ka wanke ƙafa. Takan bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, wanda ta ga ƙura a dugadugansa ta mayar da shi bakin rijiya. Mukan kai ashirin a kan tabarma biyu, ƙanana a gaba, manya a baya, 'yan mata ta wajen ƙofar tsakar gida da goyon ƙannensu. Idan hoto ya fara yayyafi, a tura dogon cikinmu ya je ya murɗa gorar da aka ɗaure eriya a kanta, mu kuma muna ba shi labari ta taga: "Bai yi ba! Koma baya kaɗan! Yauwa, tsaya haka, kar ka saki!" Sau da yawa haka zai tsaya rungume da gora, yana bin shirin da kunne har a gama. Idan kuwa aka ɗauke wuta ana tsakiyar faɗa, salatin da za mu saka sai an ji shi a bakin titi.

Sarkin shirye-shiryen shi ne Voltron. Zakuna biyar ne na ƙarfe, kowanne da matuƙinsa, idan faɗa ya yi tsanani su haɗe su zama ƙaton mutum-mutumi guda mai takobi. Mu ba mu san zakunan suna da launi ba. Da inda suke fitowa muke bambance su: na wuta, wanda ke fitowa daga dutse mai aman wuta, da na ruwa, da na daji, da na rairayi, sai babbansu da ke zama kai da ƙirji. Ranar da wani ɗan ajinmu da ke zaune a Nasarawa, wanda gidansu ke da talabijin mai kala, ya ce ai na wutar ja ne, na dajin kuma kore, ƙin yarda muka yi, muka ce cika baki yake yi.

Ba mu jin Turanci. Wanda ke ji shi ne yayanmu, ɗan aji biyu a sakandare, don haka shi ne tafinta. Wurin zamansa daban ne, dab da akwatin, kuma ba mai zama a nan ko ya makara. Shi ya raɗa wa mugun sarkin nan Zarkon suna Fir'auna, tsohuwar da ke haɗa masa dodanni kuma Mayya. Idan matuƙan suka taru suna magana, Yaya zai ɗaga hannu a yi tsit, ya karkata kai, can ya juyo ya ce, "Ya ce musu amana aka ba su. Duk wanda ya gudu ya bar ɗan'uwansa a fagen fama, ba shi ba su har abada." Idan fatalwar mahaifin gimbiya ta bayyana tana ba ta shawara, Yaya ya ce mafarki take yi, don wanda ya mutu ba ya dawowa. Tun kafin a san da fassarar finafinan Indiya irin ta Algaita, mu muna da tamu a falon Baba Alhaji, ba ko sisi.

Sau ɗaya na san an ja da fassararsa. Tun a farko-farkon shirin Mayya ta yi wa matuƙin zakin ruwa, Sven, kwanton ɓauna, ya faɗi, abokansa suka kewaye shi. Yaya ya juyo, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce, "Ya rasu." Falon ya yi shiru, wata yarinya ta fara sheshsheƙa. Washegari ɗan Nasarawa ya ce ƙarya ne, da kunnensa ya ji an ce rauni ya ji, an kai shi wata duniya neman magani. Yaya ya kafe. Can gaba da mai kama da Sven ya sake bayyana, ɗan Nasarawa ya zo har layinmu yana tsalle, Yaya ya dube shi ya ce, "Ba shi ba ne. Ƙaninsa ne, kama suka yi." Muka bi bayan namu, amma a zuci wasunmu sun ɗauka kunya ce ta hana shi saukowa.

To wannan Voltron ɗin na nemo a intanet, na haɗa wayata da talabijin ɗin falo, na tara yaran su uku. Da kiɗan buɗewa ya tashi, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, na ji ƙamshin turaren wutar Hajiya kamar yanzu aka zuba shi a kasko. Kiɗan nan bai tsufa ba. Abin da ya biyo bayansa ne ya sanyaya mini jiki.

Hotunan ba sa motsi. Mutum zai tsaya ƙiƙam kamar an dasa shi, leɓe kaɗai ke buɗewa yana rufewa. Gudun zakunan da nake tunawa kamar guguwa, ashe 'yan zane ne ƙalilan ake ta juyawa. Haɗewar nan da muke miƙewa tsaye dominta, sau ɗaya aka zana ta, ake liƙa ta a kowane kashi. Labarin ma kusan kullum ɗaya ne: Mayya ta haɗa dodo, a jefo shi duniyar Arus cikin wani abu mai kama da akwatin gawa, zakuna su far masa ɗaya-ɗaya ya watsar da su, su haɗe, a zare takobi, a raba shi biyu, ya fashe. Dodannin da suka hana ni fita fitsari da dare na sake ganinsu, sai maganar mutanenmu ta faɗo mini, cewa abin da ya ba ka tsoro wata rana shi zai ba ka tausayi. Ba mu yi nisa ba babban ya yi hamma ya ce, "Abba, tunda sun san takobin ne ke kashe shi, me ya sa ba za su haɗe tun farko ba?" Mu ashirin muka yi shekaru muna kallo, tambayar nan ba ta taɓa zo wa ɗayanmu ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne maganganun, yanzu da Turancin ke shiga kunnena. Na kasa kunne ina jiran zancen amana da 'yan'uwantaka da na haddace, shiru. 'Yan gajerun umarni ne, da raha marar gishiri, da bayanin abin da ido ya riga ya gani. Ashe Yaya ba ya kama ko kalma ɗaya cikin goma a Turancin hancin nan na Amurkawa. Fuskokinsu yake karantawa, ya cike gurbin da abin da ke cikinsa: ƙissoshin annabawa na makarantar dare, da labarin Iliya Ɗan Maiƙarfi da suke karantawa a aji, da faɗan da Babanmu ke yi mana kan riƙon zumunci. Voltron ɗin da na yi shekara talatin ina ƙauna, a Japan aka zana rabinsa, ɗaya rabin a bakin yayana aka ƙera shi. Da aka zo wurin faɗuwar Sven kuma na ji da kunnena, kamar yadda ɗan Nasarawa ya faɗa, an ce rauni ne, za a kai shi jinya. Raina ya ɗan sosu saboda Yaya.

Na ce Japan, don a daren na zauna na bi diddigin abin. Asalinsa shiri ne da kamfanin Toei ya yi a 1981 mai suna GoLion, kashi 52. Wani kamfani a birnin St. Louis na Amurka, World Events Productions, ya saye shi, ya yayyanke, ya sauya sunaye, ya ɗora sabbin maganganu, ya fitar da shi a 1984 da sunan Voltron. Ke nan mu a hannu na uku muka karɓa, kamar kayan gwanjo. Rowar zanen kuma ba lalaci ya kawo ta ba, shirin talabijin na mako-mako kuɗinsa kaɗan ne, lokacinsa ƙurarre, dole a yi tattalin kowane zane. Kuma a Amurkar wancan lokaci irin waɗannan shirye-shirye hanyar jan yara zuwa kanti ce. He-Man, wanda shi ma muka kalla, kamfanin Mattel ya fara fitar da 'yar tsanarsa a 1982, sannan aka yi masa katun a 1983 don ta sayu. Talla ce mai tsawon rabin awa ta ƙetaro teku, ta iske yaran da ba su taɓa ganin hajar da ake tallatawa ba. Mu da laka da gwangwanin madara muke ƙera zakunanmu, takobi kuwa karan dawa ne aka fere.

Washegari na sauya akala na sa musu Tom da Jerry, gabana na faɗuwa kada shi ma ya ba ni kunya. Na zaɓi na fiyano, The Cat Concerto, wanda ya ci kyautar Oscar a 1947. Tom ya fito cikin baƙar kwat, ya rusuna wa jama'a, ya gyara kujera, ya goge hannu, ya fara kaɗa wani kiɗa na Franz Liszt. Jerry yana can cikin fiyanon yana barci a kan 'yan gudumomin da ke bugun tsirkiya, suka fara wurgi da shi daga wannan zuwa wancan. Shi ke nan aka shiga. Ya datse wa Tom yatsu da murfi, ya bi su da almakashi, ya ɗana tarko a gurbin maɓalli. Tom kuwa duk azabar da yake sha bai yarda kiɗan ya yanke ba, har da yatsun ƙafa yake bugawa. A ƙarshe ɓeran ya ɗauki gudumomi biyu ya riƙa maimaita ƙarshen kiɗan da sauri, Tom na bi har ya kife, shi kuma ya fito ya karɓi tafi. Kafin a kai nan autar, mai shekara huɗu, ta zamo daga kujera saboda dariya. Babban ya kife wayarsa ba wanda ya ce masa. Ba wanda ya nemi tafinta.

Ni kuma yatsun nake kallo. Duk inda sauti ya fito, a nan yatsa ya sauka. Abin da ya raba wannan da Voltron shi ne abin da ya raba babbar riga mai aska takwas ta ɗinkin hannu da wadda aka yi wa aiki a keke. Don sinima aka yi shi, manya da yara su kalla kafin a sa babban fim. William Hanna da Joseph Barbera sun yi guda 114 a kamfanin MGM tsakanin 1940 da 1958, bakwai daga ciki suka ci Oscar. Majigi yana cin hoto 24 a kowace daƙiƙa, minti bakwai ke nan ya haura hoto 10,000, kuma da hannu ake zanen motsin da ke cikinsu, a shafa launi da hannu. Scott Bradley yakan tsara kiɗa daidai da kowane taku da kowace faɗuwa, cikakkiyar ƙungiyar makaɗa ta buga. Ihun nan na Tom da kowa ya sani idan an taka masa wutsiya, muryar Hanna ce da kansa. Abin da ya ƙara ba ni tunani shi ne, da MGM ta rufe sashen katun ɗinta a 1957, waɗannan mutum biyun ne suka koma talabijin suka zama jagororin zanen tattali. Kwala da lakatayen da suka sa wa Yogi Bear, ɗaya daga cikin katun ɗinsu na talabijin, dabara ce ta raba kai da gangar jiki, a motsa kan a bar jikin a tsaye. Hannuwan ba su sauya ba, lokaci da kuɗi ne suka ragu.

Kakarmu, ranar da ta fara ganin Tom da Jerry a gidan Baba Alhaji, ta ɗan kalla ta ce, "Au, ai Gizo ne da Kura." Ta yi gaskiya. Ƙaramin mai wayo ya wahalar da babban mai ƙarfi, wannan muka saba ji a gindinta da dare kafin akwatin ya janye mu daga tatsuniya. Shi ya sa muke bayan Jerry ba tare da an ce mu bi ba. Yanzu da na zama magidanci, na san takaicin buɗe buhun masara ka tarar ɓera ya riga ka, zuciyata ta koma wajen Tom. Aikinsa yake yi. An ajiye shi don ya tsare gida, idan ya gaza a kore shi da tsintsiya, idan ya dage ya sha ƙarfen guga a fuska. Shirin da zai ba yaro dariya ta fuska ɗaya, ya ba ubansa tausayi ta wata fuskar, ya cancanci a ce ya jure shekaru.

Sai muka zo kan wani kashi da matar gidan ta fito. Duk wanda ya kalli Tom da Jerry ya san ta: ƙatuwar mace baƙa, silifa a ƙafa, safa ta zazzago, tsintsiya a hannu, tana ƙwala wa Tom kira. A falon Baba Alhaji Inna muke ce mata, muna murna idan ta fito don mun san yau akwai duka. 'Yata ta tsakiya, mai shekara bakwai, ta matsa jikin allon, ta leƙa sama kamar za ta hango abin da aka ɓoye, ta ce, "Abba, ina kanta?"

Ban taɓa lura ba. Shekara da shekaru ina kallon matar nan, ban taɓa tambayar kaina me ya sa daga kafaɗa zuwa ƙasa kawai ake nuna ta ba. Sunan da aka san ta da shi Mammy Two Shoes, ta fito a kashi 19 daga 1940 zuwa 1952. Mammy kuwa tsohon hoto ne da fararen Amurka suka ƙirƙira tun zamanin bauta: baƙar baiwa ko 'yar aiki mai jiki, mai hayaniya, wadda wai ba ta da burin da ya wuce hidimar gidan ubangijinta. Wadda ta ba ta murya, Lillian Randolph, baƙar fata ce 'yar wasan rediyo da fim, aka sa ta yin gurɓataccen Turancin da farare ke jingina wa baƙaƙe. Masu fafutukar 'yancin baƙar fata sun yi ta ƙorafi har aka daina fito da ita, kuma a shekarun 1960, da za a sa shirin a talabijin, akwai kashin da aka sake zana ta a matsayin farar mace. Da idona ya buɗe sai na fara ganin sauran. Bam zai fashe a fuskar Tom, hayaƙi ya washe, sai ga fuska baƙi ƙirin da manyan leɓɓa. Mu toka muke gani. Ashe kwaikwayon wani tsohon wasan dandamali ne da farare ke shafa baƙi a fuska suna yi wa baƙar fata ba'a. Mu yara baƙaƙe ashirin a kan tabarma mun yi dariya har da hawaye, ba mu san da mu ake ba.

Na san wani zai ce ai wasa ne, mu ma muna yi. Muna yi, Bakano da Bazazzage, Bafulatani da Babarbare, a tsokani juna har a ƙure. Amma a wasanmu kowa na da bakin ramawa, yau ka ci shi gobe ya ci ka, idan aka tashi a ci tuwo a kwano ɗaya. Ita wannan ko fuska ba a ba ta ba, balle bakin da za ta rama. Inda za mu duba kanmu shi ne barkwancin da muke yi da mai in'ina, da kurma, da mutumin ƙauye a finafinanmu, don su ma ba a cika ba su damar ramawa ba.

Na tsayar da shirin na ce da yarinyar, "Mutanen da suka zana ta, a lokacin ba su ɗauki irinta a bakin komai ba, shi ya sa ba su ga dalilin yi mata fuska ba. Ba su kyauta ba." Ta yi jim, ta ce, "To ni zan yi mata." Da dare na ga takardar a kan tebur, an yi wa Inna kai, da ɗankwali da 'yan kunne.

Ba zan hana su Tom da Jerry ba, ba kuma zan riƙa tsallake mata wuraren nan ba. Da aka fitar da tsofaffin kashin a faifai, an sa 'yar fim Whoopi Goldberg ta yi gabatarwa, ta nuna cewa waɗannan abubuwa kuskure ne a da, kuskure ne a yanzu, amma share su tamkar a ce ba a taɓa yi ba ne. Ina tare da ita. Zuma ce, da zaƙi da harbi, kuma ba a miƙa wa yaro saƙar zuma a juya baya. Da a waya ta kalla ita kaɗai a lungu, ko dai tambayar ta mutu a cikinta, ko ta haɗiye abin yadda ni na haɗiye shi shekara talatin.

Wani abu da ke ci mini rai shi ne, lokacin da muke tsugune gaban kayan Japan da Amurka, a nan maƙwabta akwai mai yin katun da ba mu taɓa jin sunansa ba. Moustapha Alassane, mutumin Nijar, wanda ya samu horo a Kanada wajen mai zanen katun Norman McLaren, tun a 1966 ya yi Bon Voyage Sim, ɗan gajeren katun a kan shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyara ƙasar maƙwabta, da faretinsa da jawabansa. Ya yi zamansa a Tawa yana zane yana harhaɗa 'yan tsana, ya rasu a 2015. Na nuna wa yaran kwaɗin nan, sun yi dariyar faretin. Da ni ma na gan su ina ɗan shekara goma, da na san cewa hannu irin nawa yana iya sa zane ya yi tafiya.

An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, don haka na ja wa kaina linzami kafin in yanke wa na zamaninsu hukunci. Da na zauna na kalli abin da suke kallo da zuciya ɗaya, na tarar da shirme, na kuma tarar da waɗanda suka fi Voltron kyan zane da tsarin labari nesa ba kusa ba. Akwai ma Bino and Fino da Adamu Waziri ke yi a Abuja, yara masu kama da su, a gida irin nasu. Ba katun suka rasa ba. Falon Baba Alhaji suka rasa: wanke ƙafa, da jiran Alhamis, da yayan da zai juyo ya ba ka labari da harshenka, da musun washegari a hanyar makaranta. Namu yana da ƙarshe, ana kiran Magariba Hajiya ta ja ƙofar akwatin, kowa ya nemi takalminsa, mu kwana muna tauna abin da muka gani. Na waya kuwa wani na ƙarewa wani ya hau, ba ya barin yaro ya ɗago kai balle ya tambaya.

Tun daga hutun nan mun mayar da kallon katun falo, Alhamis da Juma'a bayan La'asar, a allo ɗaya, kuma ni ko uwarsu ɗaya na zaune. Yaran maƙwabta sun ji labari, takalma sun fara taruwa a ƙofa.

Saura batun Sven. A binciken nan da na yi na tarar cewa cikin abin da Amurkawa suka yanke daga GoLion har da jini da mutuwa, don yaransu kada su gani. A na Japan, matuƙin zakin ruwa mutuwa ya yi a wurin nan. Wanda ya bayyana daga baya kuma ƙaninsa ne. Na ɗauki waya na kira Yaya, wanda yanzu ya yi furfura har da jikoki. Bayan mun gaisa na ce, "Yaya, ashe da gaske ya rasu." Ya ce, "Innalillahi, wa?" Na ce, "Na zakin ruwa. Kuma wanda ya dawo ƙaninsa ne, yadda ka faɗa."

Ya yi shiru har na ɗauka layin ya katse. Can ya yi dariya a hankali ya ce, "Ai na gaya muku. Ban ji abin da suka ce ba, amma na ga yadda abokansa suka tsaya a kansa. Ba haka ake tsayawa a kan mai jinya ba." Sannan ya tambaye ni ƙarfe nawa muke farawa ranar Alhamis, ya ce zai zo da jikokinsa biyu.